Ina wutar take tafiya, ina man yake zuwa?

Shekara da shekaru ni ne mai zagaya ɗakuna da dare a gidanmu. Kafin in kwanta sai na leƙa kowane lungu, in kashe ƙwan da aka bari a kunne, in zare cajar da aka manta a jikin soket, gari na wayewa kuma in hau faɗa. Amma in wata ya ƙare, wutar da muka sha tana nan yadda take, ba wani ragi da ido zai gani. Ran nan ina tsakiyar faɗan, sai 'yata ta fari, wadda a lokacin ta fara darasin kimiyya a sakandare, ta ɗago cajar ta ce, "Baba, don Allah wannan wuta nawa take sha in babu waya a jikinta?" Ba rashin kunya ta yi mini ba, so take ta sani. Na buɗe baki zan amsa, sai na tarar ba ni da amsar. Abin ya tsaya mini a rai, don na daɗe ina yanke hukunci a kan abin da ban taɓa aunawa ba.

A makon na samo wata 'yar na'ura da ake sakawa tsakanin soket da filogi, tana nuna wat nawa abu yake ja a daidai lokacin. Muka ware littafi guda, ni da ita, muka bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya shiga na'urar sai mu juya bayansa mu karanta 'yar takardar da masu ƙera shi suka manna, don kusan kowane kayan wuta yana ɗauke da adadin wat ɗinsa a rubuce. Lissafin ba shi da wuya. Yunit ɗaya da mita take ƙirgawa shi ne abu mai wat 1000 ya yi awa ɗaya yana aiki. Mai wat 100 sai ya yi awa 10 kafin ya cinye yunit ɗaya. Mai wat 2000 kuwa rabin awa ya ishe shi.

Cajar da nake ta da jijiyar wuya a kanta, ko rabin wat ba ta kai ba. Shekara tana da awa 8760, ke nan ko an bar ta a soket daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, abin da za ta sha bai kai yunit 5 ba.

Hitar ruwan wanka ba ta da filogi, a bango aka haɗa ta, don haka sai muka bi ta wata hanya. Wani dare bayan kowa ya kwanta na tsaya gaban mita da tocila, ita kuma tana ciki tana kunnawa tana kashewa. A fuskar mitar akwai wata 'yar jar fitila mai ƙyaftawa, duk ƙyaftawa ɗaya alama ce ta wani ɗan kaso na yunit ya wuce. Da muka kashe komai sai firji, fitilar sai ta daɗe kafin ta ƙyafta, har mutum ya fara zaton ta mutu. Ta kunna ƙwan falo, kusan babu bambanci. Ta kunna talabijin, ta ɗan ƙara sauri. Sai na ɗaga murya na ce ta danna makunnin hita. Nan take fitilar ta shiga ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa, kamar bugun zuciyar wanda ya sha gudu. Na daɗe a tsaye ina kallonta. Wannan hitar tun ranar da aka saka ta ba mai kashe ta, dare da rana, ko muna gida ko mun fita. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni ne mai sandar.

Daga baya muka yi lissafin a takarda. Ruwa yana da wuyar zafafa fiye da yawancin abubuwan da muka sani. Kafin lita ɗaya ta ƙara digiri ɗaya sai an ba ta kusan jul 4200 (jul ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi ne). Tankinmu lita 50 ne, kuma ɗaga shi daga digiri 25 zuwa 60 yana cin kusan yunit 2. Wato zafafa tankin nan sau biyu ya yi kusan daidai da abin da cajar za ta sha a shekara guda cur. Bayan haka in ruwan ya yi zafi ba a yi amfani da shi ba, zafin yana sulalewa ta jikin tanki da bututu, hitar ta sake tashi ta maido shi, haka nan har gari ya waye.

Tun daga daren nan na daina kallon kayan gida da girmansu ko haskensu ko ƙararsu. Tambaya ɗaya nake yi: wannan abin zafafawa yake yi, ko sanyayawa? In amsar e ce, to shi ne mai ci. Hita, butar lantarki, dutsen guga, murhun lantarki, firji, firiza, na'urar sanyaya ɗaki, a nan wutar gida take ƙarewa. Waɗanda ke zaune a ƙasashen sanyi su ma haka ne, sai dai su abin ɗumama ɗaki ne ke kan gaba. Sauran kayan, masu haske da masu magana da masu caji, 'yan rakiya ne.

Hitar yanzu minti 40 kafin wanka ake kunna ta, a kashe da an gama. Na rage ma'aunin zafinta zuwa 60, ban sauka ƙasa da haka ba, saboda ruwan da ke kwana a tanki da ɗumi-ɗumi wuri ne da wasu ƙwayoyin cuta ke son hayayyafa. A kwanakin zafi kuwa ba ma taɓa ta. Butar lantarki kuwa wat 2000 ce, kuma al'adarmu a da ita ce a cika ta fal don kofi ɗaya, sauran ruwan ya huce, an jima wani ya zo ya sake tafasa shi. Yanzu kofin da za a sha da shi ake auna ruwan, a ɗan ƙara kaɗan don ya rufe ƙarfen ƙasa.

A kicin ne na fi samun gardama, kuma daga wurin uwargida, wadda ta fi ni sanin tukunya nesa ba kusa ba. Abin da na kawo mata shi ne, ruwa in ya tafasa ya tsaya ke nan a digiri 100, ko ƙasa da haka kaɗan a wurare masu tudu. Duk wutar da aka ƙara bayan nan ba ta ƙara masa zafi, tururi kawai take mayar da shi ya tashi sama. Kuma mayar da lita ɗaya tururi yana cin kusan ninki bakwai na abin da aka kashe wajen kai ta ga tafasa. Ta ce, "Maigida, ai abinci ya fi saurin nuna in wuta tana ci sosai." Na ce mu gwada. Tukunya biyu iri ɗaya, abu iri ɗaya a ciki, ɗaya a buɗe wuta na ci bal-bal, ɗaya a rufe an rage wutar har sai ɗan motsin tafasa ake ji. Kusan tare suka nuna, kuma ta buɗen sai da aka ƙara mata ruwa sau biyu. Ba ta ce komai ba a ranar, amma tun daga nan murfi ba ya barin tukunya. Ita ce ma ta ƙaro abin da ban lura da shi ba: harshen wutar gas in ya fito yana lasar gefen tukunya, iska yake zafafawa, don haka ƙaramar tukunya ƙaramin kai za a ɗora ta. Abin da ke daɗewa kafin ya yi laushi tana jiƙa shi tun dare, ta dafa a tukunyar firesha, wadda saboda tana riƙe tururi zafin cikinta yakan kai wajen digiri 120, lokacin dahuwa ya ragu ƙwarai.

Firji ba ya jan wuta da yawa a lokaci guda, amma shi kaɗai ne ba ya hutu. Aikinsa kwashe zafi daga ciki ya zubar a waje, ta baya ko ta gefe. Namu na tarar an matse shi da bango, kusa da murhu, ƙarafan bayansa sun yi kauri da ƙura har ba a ganin launinsu. Zafin da ya fitar ba shi da wurin zuwa, sai ya yi ta gurnani. Muka matsar da shi nesa da murhu, muka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, na goge ƙurar da burushi. Sai gwajin roba. Ka sa takarda a bakin ƙofar ka rufe a kanta, ka ja. In ta riƙe, robar tana da kyau. A sama ta riƙe, a tsakiya ta riƙe, a kusurwar ƙasa kuwa takardar zamewa ta yi ta faɗi da kanta. Na durƙusa na sa bayan hannu a wurin, na ji sanyi yana fita siriri. Wata nawa yana haka, Allah kaɗai ya sani. Canza robar bai ɗauki rabin awa ba. Digiri 3 zuwa 5 ya ishi firji, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Ƙanƙarar da ke taruwa a bangon firiza ba alamar ƙarfi ba ce, bargo ce da ke hana sanyin isa ga kaya, a narkar da ita in ta yi kauri. Abinci mai tururi kuma a bari ya sha iska kaɗan kafin a saka, amma kar ya wuce awa biyu a waje, don tsimin wuta bai kai lafiyar ciki ba.

Na'urar sanyaya ɗaki ita ce babbar magana, kuma ba a gidana kaɗai ba. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta bayyana a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna cin kusan kashi 20 cikin ɗari na wutar da ake sha a gine-ginen duniya. Tamu ta haura wat 1000, fankar silin kuwa wajen 70. Ke nan na'ura ɗaya ta kai fanka goma sha biyar. Ba na cikin masu cewa a jefar da ita. Akwai daren da zafi ke hana yaro barci, akwai tsoho da marar lafiya da zafi ke yi wa illa ta gaske. Abin da nake ƙi shi ne a saita ta a 16 a ja bargo. Saita ta a 16 ba ya sa yawancin na'urori su yi saurin sanyaya ɗaki, hana su tsayawa kawai yake yi. A Indiya tun farkon 2020 aka wajabta wa masu ƙera su su fito da su a saite a 24. A Japan kuwa a 2005 gwamnati ta nemi ofisoshi su tsaya a 28 lokacin zafi, ma'aikata su ajiye kwat da nakatayi. Mu a 26 muke barinta, fanka na juyawa a hankali, kuma jiki yana jin kamar an sauko da digiri biyu ko uku. Filtarta ina cirewa in wanke duk bayan mako biyu, don in ta toshe na'urar wahala take sha kafin iska ta wuce.

Amma a kula, fanka ba ta sanyaya ɗaki. Fatar mutum take sanyayawa, ta hanyar busar da gumi. In babu kowa a ɗakin, juyawarta asara ce, har ɗan zafin motarta take ƙarawa.

Mafi arhar sanyi shi ne zafin da bai shigo ba. Tagar ɗakinmu da ke kallon yamma, da la'asar in ka dafa gilashinta sai ka janye hannu. Labule mai kauri ya taimaka, amma rumfar da na sa ta waje ta fi shi, domin labule yana tare rana ne bayan ta riga ta ratso gilashi, rumfa kuwa tun a waje take tare ta. Da rana muna rufe tagogi, da dare in iskar waje ta fi ta ciki sanyi mu buɗe biyu masu fuskantar juna. Mai zaune inda sanyi ne matsalarsa sai ya juya abin: ya bar rana ta shigo, ya toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, ya ƙara riga kafin ya ƙara wuta.

Guga a tara a yi shi zama ɗaya, a kashe dutsen kafin 'yan tufafin ƙarshe marasa nauyi, sauran zafin zai gama su. Injin wanki kuma yawancin wutar da yake sha a zafafa ruwa take tafiya, ba a juya kaya ba, don haka ruwan sanyi muke sa shi, mu cika shi, mu shanya a igiya.

Ƙwan fitila da na fara faɗa a kansa, shi ma yana da nasa, amma gyaransa a wurin saye yake. Tsohon ƙwai mai zare a ciki kusan kashi 90 cikin ɗari na wutarsa zafi yake zama, shi ya sa ba ya taɓuwa. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60. Ƙwai goma, awa biyar a dare: tsofaffin yunit 3, sababbin ƙasa da rabin yunit. Wannan farin hasken ya samu ne bayan wasu masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun gano yadda za a yi LED mai shuɗin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Sai dai na lura da wani abu a kaina bayan mun canza. Da na ga hasken ya yi arha, sai na ƙara ƙwai huɗu a waje, ana barinsu har safe. Wani masanin tattalin arziki a Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan tun 1865, cewa da injinan tururi suka rage cin gawayin kwal, sai amfani da kwal ya ƙaru, don kowa ya samu damar sa injin. Na cire biyu daga cikin huɗun, sauran na sa musu na'urar da ke kunna su in ta ji motsi.

Kayan da ke zaune a shirye suna jiran rimot, sababbin ba su da ci sosai. Tarayyar Turai ta ƙayyade musu wat 1 a 2010, ta sauko da shi rabin wat a 2013, kuma masu ƙerawa da yawa sun bi. Tsofaffi ne abin dubawa. Hannu ma ya isa gwaji: in abu a kashe yake amma jikinsa da ɗumi, yana shan wuta. Tsohuwar dikodarmu haka take, a kashe ko a kunne kusan ɗaya ne. Na haɗa ta da talabijin da sifika a soket ɗaya mai makunni, dannawa ɗaya ta kashe su duka.

Da na gama da gida sai hankalina ya koma kan mota, kuma lissafin da na yi a nan ya fi girgiza ni. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai wajen yunit 9, kuma in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Tanki mai lita 40 ke nan ya haura yunit 350. Daga ciki abin da ke isa taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu ba, sauran zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Sannan motar ta haura tan ɗaya, ni da take ɗauka ban kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinta ba. In na tayar da ita don in sayo abu a ƙarshen layi, ƙarfe nake kai wa yawo. Ga shi inji mai sanyi ya fi shan mai a kilomitocin farko. Yanzu abin da ƙafa za ta kai ni cikin kwata na awa, da ƙafa nake zuwa ko keke, saƙonnin da ke buƙatar mota kuma in tara su fita ɗaya.

Gudu shi ne abin da ya fi mini wuyar bari. Iskar da mota ke ture wa a gabanta ba daidai da gudu take ƙaruwa ba. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa. Daga 100 zuwa 120 a awa, turjiyar ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Me ka samu? A tafiyar kilomita 100, minti 10 kacal. Lokacin da man fetur ya yi ƙaranci a duniya a 1973, rage gudu yana cikin abubuwan da wasu gwamnatoci suka kama. Amurka ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa a farkon 1974, wato kusa da kilomita 90, Holan kuma ta hana motoci fita ranakun Lahadi na wani lokaci. Na gwada a wata doguwar hanya da na saba bi, zuwa da irin gudun da na saba, dawowa a 90 zuwa 95. Allurar mai ta nuna bambancin ƙarara, kuma na iso gida wuyana bai sage ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Burki ma haka. Duk taka burki, man da ka riga ka ƙona ka samu gudu ne kake mayarwa zafi a jikin ƙafar mota. Direban da ke manne wa na gabansa, totur burki, totur burki, sau biyu yake biya. In na hango jar danja ko cunkoso daga nesa, ɗaga ƙafa nake yi in bar motar ta gangara a cikin giya, don yawancin motocin zamani suna yanke mai gaba ɗaya a wannan halin. Tsayuwa da inji a kunne kuwa, a ƙofar makaranta ko ana jiran wani ya fito, mai ne ke ƙonewa ba ko taku ɗaya. In jiran zai wuce minti ɗaya, kashewa nake yi. Zancen a bar mota ta yi minti goma tana ɗumi da safe na tsofaffin injina ne, na yanzu a kan hanya suke ɗumi, in dai an tashi a hankali.

Taya kuwa wani dattijo mai faci ne ya gyara mini kuskure. Na ce ya sa mini iska daidai lambar da ke jikin tayar. Ya girgiza kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba shi motarka take so ba." Ya buɗe ƙofar direba, ya goge wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar da babban yatsa, sai ga lambobin gaba da na baya, na mota ba kaya da na mota cike. Shekara shida ina shiga ta ƙofar nan ban taɓa sunkuyawa na gani ba. Ya ɗora gejinsa, uku daga cikin huɗun iskarsu ta yi ƙasa, alhali a ido lafiyarsu lau. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa tana zafi, tana jan mota baya, tana cinyewa ta gefe. Ya ce in riƙa dubawa duk wata, da safe kafin tayar ta yi zafi. A ranar na kwashe tarkacen da ke but, na kuma kwance kariyar saman mota da ba na ɗora mata komai sai sau ɗaya a shekara, don ko babu kaya tana kama iska. Na'urar sanyin mota kuma, a cikin gari gilashi nake saukewa, a babbar hanya in rufe in kunna ta. In motar ta sha rana, sai na buɗe ƙofofi zafin ya fita tukuna.

Duk wannan dabarar ba ta kai cika kujeru ba. Mota mai mutum huɗu, kowa rubu'in man ya ƙona. Bas da jirgin ƙasa sun fi haka nisa, musamman jirgin ƙasa, da ƙafar ƙarfe ke gangarawa kan ƙarfe ba turjiya sosai. Faransa ta kai ga hana wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama na cikin gida a 2023, inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Jirgin sama wajen tashi da hawa yake shan mai da yawa, shi ya sa in tafiyar ta zama dole nake neman wanda zai kai ni kai tsaye ba sauka a hanya, kuma in rage kaya. Wata tafiyar ma in aka duba, kiran bidiyo ya isar. Ba duka ba, akwai gaisuwar da sai an je, kuma ba zan taɓa auna wannan da lita ba.

A otal ne nake ganin halinmu a fili. Mutumin da ke kashe komai a gidansa, in ya shiga ɗakin da ba shi ke biyan wuta ba, sai ya saita na'ura a 16, ya bar talabijin na magana, ya fita yini guda. Wasu har wani kati suke cusawa a ramin da ake sa katin ɗaki don kar wutar ta yanke in sun fita. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai. Wutar nan wani wuri aka ƙona gas ko kwal ko dizal aka samo ta, hayaƙin kuma bai san sunan wanda ya biya ba. Ina zare katina in zan fita, in ja labule, in rataye tawul ɗina don kar a wanke abin da sau ɗaya na goge jiki da shi.

Tafiyarmu ta ƙarshe ta mako biyu ce, gidan gaba ɗaya. Kwana uku kafin mu tashi muka daina sayen abin da zai shiga firji, muka cinye na ciki, ragowar muka ba maƙwabta. Daren tafiya uwargida ta kashe shi ta goge, ta sa tawul a bakin ƙofarsa don kar ta rufe ya yi wari. Na kashe hita daga bango, na rufe kan gas, na bar ƙwan waje mai jin motsi kaɗai. Muna shirin shiga mota sai 'yar tawa ta ce, "Baba, tsaya," ta koma da gudu da littafin nan namu, wanda bangonsa ya fara yagewa. Ta rubuta lambar da ke kan mita da kwanan wata. Ranar da muka dawo, ko jakarta ba ta sauke ba ta nufi mitar, ƙaninta na biye da ita yana riƙe mata tocila. Ta duba littafi, ta duba mita, ta ɗaga mini yatsa ɗaya daga can. Yunit ɗaya, a kwana goma sha huɗu.